Ranar da Aka Haska Littafin Babana a Bango

Masu rubuto mini cewa in daina zagin kaina, na gode, amma ku adana tausayinku. Akwai wanda ya fi ni buƙatarsa, kuma yau za ku san ko wane ne. Ke kuma da kika ce mini so makaho ne, 'yar'uwa, ki daina yi wa so ƙarya. Da idona biyu na yi abin da na yi, har da kwalli.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfanin sufurin kaya. Babana ne ya samo mini aikin. Shi kuwa shekara ashirin da shida yana ɗakin ajiyar takardu na kamfanin, can ƙarƙashin bene, inda babu taga sai fanka ɗaya mai kuka kamar tsohuwar akuya. Ma'aikata suna kiransa Baba Rumbu, don takardar da ta shiga hannunsa ba ta ɓata. Ni kuma suna kirana 'Yar Rumbu. Shi yana jin daɗin sunan. Ni kuwa duk wanda ya kira ni da shi sai in ji kamar ya karkaɗe mini tsohon fayil a fuska.

Ku riƙe wannan, don shi ne tushen komai. Ina jin kunyar ubana. Ina jin kunyar tabaransa da ya ɗaure ƙafarsa da baƙin zare. Ina jin kunyar fensirin da yake soka wa a bayan kunne. Kullum ƙarfe goma sai ya hauro bene da ɗan fulas ɗinsa, ya zuba mini shayi a murfi, ya ajiye a gefen kwamfutata, ya ce, "Auta, jiƙa maƙoshi." A gaban baƙi. Ni kuwa ko ɗaga kai ba na yi.

Kamfaninmu yana da dandalin aiki a kwamfuta, inda ma'aikata ke ajiye takardu suna tura wa juna. Dandalin yana zaune cikin wata na'ura da suke kira saba, a wani ɗan ɗaki mai sanyi a bayan teburina. Ƙaramin nau'i muke amfani da shi tun da daɗewa. Sai Manaja, ɗan wanda ya kafa kamfanin, ya ce ya gaji da ƙarami, za a koma babba. Nan ne Injiniya, wanda aka ɗauko don wannan aikin, ya shigo rayuwata, da farar riga mai guga kamar wuƙa, da agogo mai baƙar fuska, da turaren da yake rigansa shiga ɗaki.

"Ke ce mai tsaron ƙofar sabata?" Abin da ya fara ce mini ke nan.

"Ni mai karɓar baƙi ce."

"To ga baƙo. Karɓe ni."

Na yi dariya. Ku rubuta ku ajiye, macen da ta yi dariya a kan magana mara gishiri irin wannan, ta riga ta yanke shawara tun kafin a tambaye ta.

A sati na biyu ya kai ni cin abincin rana. Yana ta yi mini bayanin aikinsa. Ya ce ƙaramin nau'in kamar akwati ne, ka zuba kaya ka rufe, abin da aka rubuta a murfi kawai yake ganewa. Babban kuwa yana karanta cikin kowace takarda, kalma bayan kalma, yana tuna wanda ya ajiye ta, da ranar, da mintin. Ya faɗa. Wallahi ya faɗa. Ni kuwa ina kallon yadda agogon ya zauna a wuyan hannunsa, ina auna yadda zan yi kyau a kujerar gaban motarsa.

A gida kuwa wuta ake hura mini ta gefe biyu. Mama ta ɗaya gefen, Gwaggo, yayar Babana, ta ɗayan. Gwaggo tana zuwa kusan kullum da la'asar, ta zauna a kujerar falo mai yagaggen hannu da muke rufewa da tawul, ta cire takalmi, ta fara.

"Shekararki ashirin da takwas. 'Ya'yana biyu da kika goya duk suna ɗakunansu. Ke kin zauna kamar kayan da mai su ya manta a sito."

"Gwaggo, lokaci ne."

"Lokacin ne ya zo a mota yana yi miki hon. Ki tsaya nan kina lokaci."

Mama ba ta da kaifin baki irin na Gwaggo, amma nata ya fi shiga. Sai ta kalli labulen falonmu da rana ta cinye, ta kalle ni, ta yi ajiyar zuciya. Shi ke nan. Na gwammace a mare ni.

Matsalar ta taso a sati na huɗu. An riga an ɗauki hoton duk tsofaffin takardun da ke ɗakin Baba an zuba a saba, amma sun zama tsibi, babu kai babu gindi. Tsarin da zai haɗa su yana wuri biyu kawai: a kan Babana, da cikin littattafansa. Littattafai goma sha ɗaya ne masu baƙin bango. Kowane shafi ya ja masa layi da rula, gida huɗu: lambar fayil, kantar da yake, ranar da ya shigo, sai gida na ƙarshe da ya rubuta wa Bayani. Goma da suka cika suna gida, cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Na goma sha ɗayan yana aljihun jakarsa.

Injiniya ya sauka ƙasa ya roƙe shi. Baba ya ce, "Ɗana, duk fayil ɗin da kake so, tambaye ni, zan kawo maka kafin shayinka ya huce. Amma littafin nawa ne, ba na kamfani ba."

Da yamma saƙo ya shigo wayata.

"Babanki ya rufe mini ƙofa."

"Haka yake. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri ba ya tada saba. In aikin nan bai tashi ƙarshen wata ba, sunana ya ɓaci. Mutumin da sunansa ya ɓaci ba ya turo iyayensa gidan kowa."

Bayan minti ɗaya ya ƙara: "Na riga na yi wa mahaifiyata maganarki fa."

Na kai wa Mama wayar tana yanka albasa. Gwaggo ta karɓe, ta nisanta ta da fuskarta, ta karanta a fili.

"To mene ne abin tunani a nan? Littafi ne fa aka ce ki ɗauko, ba ƙodarsa ba."

"Ya ce nasa ne, Gwaggo."

"Ke ma tasa ce. Wanne ya fi so ya ga ya tsufa a ƙarƙashin gado, ke ko littafin? Ƙanena ne, na san shi tun yana tsotson yatsa. Taurin kai ne kawai irin na wanda bai taɓa mallakar komai ba."

Mama ta ajiye wuƙa. Ta wanke hannu, ta shiga ɗaki, ta dawo ta ajiye ɗan makullin akwatin Baba a kan tiren albasa, ta ci gaba da yanka. Idonta yana ruwa. Har yau ban san ko albasar ce ba.

Kada ku ɗora musu. Su sun yi magana, ni na miƙa hannu.

Haka na riƙa ɗaukar littafi ɗaya ina naɗe shi cikin mayafi a ƙasan jakata. Kwana biyu ina gama ɗaya, in mayar, in ɗauko na gaba. Ina buɗe shi cikin aljihun tebur, ina leƙawa ina bugawa. Ƙarfe goma in na ji takun Baba a matattakala, sai in tura aljihun da gwiwa. Ya zo ya zuba shayi. Wata rana ya tsaya yana kallon yatsuna a kan madannai, fuskarsa cike da murna.

"Kwanan nan kin dage, Auta. Haka ake aiki. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Gwiwata tana danne da littafinsa na shida.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Gidan nan na huɗu, na Bayani, yawancinsa fari ne. Amma jefi-jefi akwai rubutu, ƙanana, da fensir. Na karanta su duka.

"Babban Direba ya bar takardar kaya a wurin shan mai. Kuskure ne. Na je na nemo. An gyara."

"Sakatariya ta aika wasiƙar wani kamfani zuwa wani. Kuskure ne, cikinta wata takwas. Na karɓo da kaina. An gyara."

"Mai Sito ya sa hannu a kan kayan da bai duba ba. Kuskure ne, matarsa na asibiti. Mun sake dubawa tare. An gyara."

Shekara ashirin da shida mutumin nan yana bin bayan mutane yana share musu sawu, bai taɓa kai kowa gaba ba. Yana rubutawa ne kawai don in takarda ta sake tasowa ya san inda ya taɓa ta. Na gane dalilin da ya sa ya hana littafin. Na gane sarai. Na tura wa Injiniya saƙo.

"Gidan Bayani fa? In tsallake?"

"Shigar da komai yadda yake. Manhajar ba ta son gurbi."

Da na tsallake, da babu wanda zai sani. Amma ina so ya ce na iya aiki. Sai na yi wa kaina dabara irin ta wawaye. Na je wurin nema a dandalin, na rubuta "kuskure", na danna. Babu abin da ya fito. Na rubuta "Babban Direba". Babu. Na ce alhamdulillahi, layi dubu nawa ne, wa zai tono? Na manta a kan ƙaramin nake gwadawa. Akwati na tambaya, akwati kuwa ya ce bai ga komai ba.

Littafi na goma sha ɗaya na ɗauke shi daga jakarsa ranar Lahadi, yana wanka. Na ɗauki hoton shafukan da waya, na mayar kafin ya fito.

Aka yi ƙaura zuwa babban dandalin a ƙarshen mako. Ranar Alhamis da hantsi Manaja ya tara kowa a ɗakin taro don a nuna sabon dandalin. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, da mayafi ruwan hoda, da takalmin da ke cin diddigena. Injiniya ya turo mini: "Kin fi sabar kyau." Na karanta sau uku. Baba ya sa farar rigarsa ta fita, wadda Mama ta juya wa kwala. Ya zauna a layin baya, fulas a ƙasan kujera.

An haska majigi a bango. Injiniya ya yi bayani, mutane suna hamma. Sai Manaja ya tafa hannu.

"Wannan surutu ne. Mu gani a ƙasa. Baba Rumbu, taso. Yau za a yi tsere, kai da na'ura."

Aka fashe da dariya. Baba ya miƙe yana murmushi. Wannan Manajan, Baba ya sha ɗaukarsa a kafaɗa yana yaro in uban ya zo da shi ofis.

"Yarjejeniyarmu ta farko da kamfanin siminti. Tun zamanin mahaifina."

Baba ko ƙiftawa bai yi ba. "Kanta ta huɗu, layi na biyu, jan bango, ranka ya daɗe. Kusurwarsa ta ɗan ci ruwa."

"To a kawo. Ɗaya, biyu, uku!"

Baba ya fita da sauri. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, da ciwon gwiwa, hawa uku zai sauka, uku zai hauro. Kafin ƙofa ta gama rufuwa Injiniya ya danna, takardar ta cika bango, har da kusurwar da ta ci ruwa.

Ɗakin ya ɗauki shewa. Babban Direba ya fi kowa. "A kira shi ya dawo, kada tayarsa ta fashe a hanya!"

"Ku bar shi," in ji Manaja, yana share hawayen dariya. "Motsa jiki ne. Injiniya, me kuma abin nan yake iyawa?"

"Komai, ranka ya daɗe. Rubuta duk kalmar da ka ga dama. Yana karanta cikin kowace takarda."

A nan ne na farga. Na tuna abincin rana. Na tuna agogo.

Manaja ya jawo madannai gabansa, ya kalli ma'aikata yana murmushin mugunta. "Bari in ga irin kuskuren da kuke tafka mini a kamfanin nan."

Wasa yake yi. Ya rubuta kalmar. Ya danna.

Layi ɗari da sittin da uku suka zubo a bango.

Da farko dariya aka ci gaba da yi, don ba a gane ba. Manaja ya fara karantawa da murya, yana kwaikwayon maganar Baba. Ya karanta na Babban Direba. Dariyar Babban Direba ta tsaya a maƙoshinsa. Ya karanta na Sakatariya, da cikinta wata takwas, ta sa hannu ta rufe baki. Ya karanta na Mai Sito. Yana gangarawa yana jin daɗi, yana nuna kowa da yatsa, "Kai ne nan! Ke ce nan!" har ya iso wani layi ya fara karantawa kafin idonsa ya riga bakinsa.

"Ɗan mai gida ya tura mota shida garin da ba a nema ba. Kuskure ne, yaro ne, satinsa biyu da fara aiki. Na ce wa mahaifinsa ni na ba shi takardar da ba daidai ba. An…"

Manaja ya janye hannu daga madannai. Kowa ya riga ya karanta sauran.

Ana cikin haka aka turo ƙofa. Baba ne, yana haki, gumi ya jiƙa bayan farar rigar, ya rungume jan fayil a ƙirji kamar jariri.

"Ga shi, ranka ya daɗe. Minti nawa na yi?"

Kowa bango yake kallo. Ya bi idanun mutane zuwa bango. Ya gyara tabarau. Na ga leɓensa yana motsi, yana karanta maganarsa da kansa.

Kun san abin da na ɗauka? Na ɗauka wani zai tashi ya ce, bawan Allah nan ya rufa mini asiri. Mutum nawa ne a ɗakin da ya ceci aikinsu? Amma ɗan Adam yana iya yafe wa wanda ya cuce shi, ba ya yafe wa wanda ya ga tsiraicinsa.

Sakatariya ce ta fara. "Ashe rubuta mu kake yi? Kana yi mana murmushi kana rubuta mu?"

"Shekara ashirin muna cin abinci kwano ɗaya," in ji Babban Direba, "ashe da ɗan leƙen asiri nake ci. Munafuki!"

"Ba don kowa ya gani ba ne," in ji Baba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ai an gyara. Duk an gyara."

Manaja ya miƙe. Kunnuwansa har rawa suke yi. "Sau ɗari da sittin da uku ana yi wa kamfanin nan ɓarna kana binnewa. Wa ya ba ka izinin yafewa a madadina?"

"Ranka ya daɗe, naka ma…"

"Kada ka kuskura! Ajiye fayil ɗin. Ajiye makullin ɗakin. Ka ga dai na'ura ta riga ka. Daga yau ba ma buƙatar rumbu mai ƙafa."

Baba ya ajiye fayil ɗin a kan tebur, ya daidaita shi da gefen teburin, yadda ya saba. Ya ciro makulli daga aljihu ya ɗora a kai. Bai roƙi kowa ba. Tambaya ɗaya kawai ya yi, kuma Injiniya ya yi wa.

"Ɗana, littafina yana ƙarƙashin gadona. Yaya aka yi ya hau bango?"

Ina ma Injiniya ya yi shiru. Ina ma ya ce bai sani ba. Amma Manaja yana tsaye, kuma akwai abu ɗaya da ya rage bai nuna ba cikin abubuwan da aka sayi babban dominsu.

"Wannan ma yana nunawa, Baba," in ji shi. Ya danna.

Wani sabon gida ya buɗe a gefen kowane layi. Wanda ya shigar. Sunana ne, da sunan Babana a bayansa, tun daga sama har ƙasa. Kusa da shi ga rana, ga lokaci. Tara da minti hamsin da takwas. Goma da minti huɗu. Goma da minti biyar.

Baba bai kalle ni ba. Lokutan yake kallo. Na san abin da yake gani a tsakanin tara da hamsin da takwas da goma da huɗu. Yana ganin kansa a tsaye da fulas.

Ya juya, ya je layin baya, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki fulas ɗinsa, ya fita. Wani ya yi tsaki. Ba shi aka yi wa ba.

Na tare Injiniya a ƙofar ɗakin sanyi, yana naɗe waya.

"Ka san zai fito."

"Na san yana iya fitowa. Don haka ake sayensa."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa yake jiƙa mutum. "Na faɗa miki ranar da muka fara fita. Kalma bayan kalma, na ce. Wanda ya ajiye, da ranar, da mintin. Ke ce hankalinki yake wani wuri."

"Sunana fa? Dole ne sai ka danna?"

"Tambayata ya yi. So kike in yi wa surukina ƙarya?" Ya yi murmushi, ya gyara mini gefen mayafi da yatsa ɗaya. "Ki kwantar da hankalinki. Da ma ya kusa ritaya. Asabar ƙarfe huɗu iyayena suna nan tafe, yadda muka yi."

Ban mare shi ba. Ina so in rubuta muku cewa na mare shi, amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce, "To."

Da na koma gida Baba yana ɗakinsa, ƙofa a rufe. Mama tana zaune a bakin kicin ta haɗa kai da gwiwa. Gwaggo kuwa har ta iso, ta cire takalmi.

"Kukan me ake yi? Aiki ya tafi, shi ke nan sai a bar miji ma ya tafi? A yi biyu babu? Ke, tashi ki wanke labulen nan, baƙi za mu yi jibi."

"Gwaggo, a gaban kowa aka ce masa munafuki."

"Shi ya ja. Wa ya aike shi rufa wa ƙattin banza asiri? Da ya kai su gaba tun farko da yanzu shi ne babba a wurin. Alheri ba tare da wayo ba ai wauta ce."

Ƙofar ɗakin Baba ba ta da kauri. Na san ya ji.

Ranar Juma'a ban je aiki ba. Da hantsi saƙon Injiniya ya shigo.

"Albishirinki. Manaja ya ce ke za ki riƙe rumbun takardu a sabon dandalin. Babu wanda ya san tsarin kamarki. Ofis naki na kanki, a sama, mai taga. Ki ba da amsa kafin Litinin."

Na kalli saƙon. Ku da kuke cewa in daina zagin kaina, ku saurara da kyau. Abin da ya fara zuwa raina ba Baba ba ne. Tagar ce. Ban amsa ba, amma ban ce a'a ba. Saƙon yana nan a wayata har yanzu.

Kwana biyu Baba bai ce mini uffan ba. Bai zage ni ba, bai ɗaure fuska ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu, kamar yadda ake amsa gaisuwar 'yar maƙwabta. Ƙarfe goma na safiyar Asabar na ji ƙarar murfin fulas daga ɗakinsa. Na tsaya a bakin ƙofata ina jira kamar wawiya. Ya zuba, ya sha abinsa.

Ƙarfe uku da rabi gida ya ɗauki ƙamshi. An shimfiɗa sabon mayafi a kan kujera mai yagaggen hannu. Gwaggo ta sa ni cikin leshi ruwan zuma, ta ɗaure mini kai har jijiyar goshina tana bugawa, ta ce in cije leɓe ya yi ja. Mama ta leƙo.

"Je ki ce wa Babanki ya shirya. Daga bakinki zai fi."

Na ƙwanƙwasa, na shiga. Yana banɗaki, ina jin zubar ruwa. Farar rigar tana kan gado, ya goge ta da kansa. Akwatin ƙarfen yana tsakar ɗaki a buɗe, babu kwaɗo, littattafai goma a jere. Na goma sha ɗayan yana kan tebur, a buɗe, fensir a tsakiya.

Na ce ba zan duba ba. Wadda ta karanta goma sha ɗaya a ɓoye, wai yau take jin nauyi. Na duba.

Ya ja sabon layi da rula. Gidan lambar fayil babu komai. Gidan kanta babu komai. Ya sa ranar Alhamis. A gidan Bayani ya rubuta, da ƙananan haruffan nan nasa:

"Auta ta ɗauki littafi ta ba baƙo."

Iyakarsa ke nan. Na bi layin da yatsa har ƙarshen shafi ina neman sauran. Sau ɗari da sittin da uku ya rubuta wa mutane "kuskure ne". Ya nema wa mai ciki uzuri, ya nema wa mai jinya, ya nema wa yaron da ya kore shi. Kowannensu ya rufe masa da "an gyara". Ni ya bar mini farar takarda.

Ban ji fitowarsa ba. Na ɗago na gan shi a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, babu tabarau, idanunsa ƙanana kamar na wanda aka tasa daga barci. Ya ga inda yatsana yake.

"Baba," na ce, "ba ka ƙarasa ba."

"Na ƙarasa."

"Ba ka rubuta kuskure ne ba."

"Ba na rubuta abin da ban tabbatar ba, Auta. Shekara ashirin da shida ban taɓa yi ba."

A waje mota ta tsaya. Aka yi hon sau biyu, irin nasa. Na ji Gwaggo tana gudu a falo tana kiran sunana, tana cewa ina nake, sun iso, sun iso.

Baba ya ɗauki farar rigar ya zura hannu ɗaya. Ya miƙa ɗayan ya rufe littafin a hankali, yatsana yana ciki sai da na janye.

"Je ki buɗe musu," in ji shi. "Ai ba ki buƙatar in ba ki makulli."